Haƙarƙarin da ya yi yawa: gashin da na sha kafin tiyata da bayanta

Haƙarƙarin ɗan Adam 12 ne a dama, 12 a hagu. Ni nawa na dama 13 ne, kuma sai da na haura shekara talatin, da 'ya'yana uku, kafin hoton ƙashi ya tona wannan asiri. Na ƙarin ba a ƙirji yake ba. Daga ƙashin wuya na 7, wato na ƙarshe, ya tsiro, ɗan guntu da bai kai tsawon yatsa ba, ya miƙo ta gindin wuya. Likita ya ce a cikin mutum 200 ba a rasa ɗaya ko biyu masu irinsa, kuma akasarinsu har su koma ga Allah ba su san suna ɗauke da shi ba. Nawa dai bai bar ni na zauna lafiya ba.

Malamar lissafi ce ni a wata sakandaren 'yan mata a nan cikin garin Katsina, rabin yinina a gaban allo yake ƙarewa, hannu a sama. Da mijirya abin ya faro, a ƙaramin yatsa da mai bi mashi. Kafin in cika rabin allo hannun ya yi nauyi, sai in sauke in yarfe in ci gaba. A hankali ciwo ya riƙa tasowa daga gindin wuya, ya bi allon kafaɗa, ya gangaro ta cikin dantse har gefen tafin hannu. Dare ya fi muni, in farka hannu ya sage, sai na tashi zaune na jijjiga shi kafin ya dawo. Shanya, ɗaurin ɗankwali, tsefe wa ɗiyata kai, tuƙin tuwo, duk suka zama aiki. Daga baya alli ya fara suɓuce mani, mukulli ya gagare ni murɗawa. Ƙanwata ce ta fara lura, ranar da take sa mani lalle. Ta ce, "Yaya, me ya cinye maki tudun nan?" Na duba, tsokar gindin babban yatsan dama ta lotsa, ta hagu tana nan cike.

Kafin nan an sha magani. Hajiya, surukata, ta ce sanyi ne, ta sa aka yi mani ƙaho a kafaɗa. Goggona ta kai ni wurin wani mai ɗori a bayan gari, ya ce kafaɗa ce ta goce, ya kama hannun ya ja ƙasa da ƙarfinsa. A daren ban runtsa ba. A asibiti ma da farko cewa aka yi ƙashin wuya ne ya fara zaizayewa, aka rubuta mani maganin kashe zafi. Ban ga laifin kowa ba, don ciwon yana sajewa da wasu. Jijiya in ta matse a wuyan hannu, babban yatsa da manuniya da na tsakiya ne ke sagewa. In a gwiwar hannu ta matse, ƙaramin yatsa da mai bi mashi ne, daidai da nawa. Matsalar ƙashin wuya kuma tana iya kawo kowanne.

Wanda ya gano bakin zaren wani likitan ƙashi ne. Ya tsayar da ni a tsakiyar ofishinsa, ya ce in ɗaga hannuwa biyu, gwiwoyin hannu daidai kafaɗa, tafuka suna kallon gaba, in yi ta dunƙulewa ina buɗewa har minti 3. Mai lafiya gajiya kawai zai ji. Ni minti ɗaya bai cika ba hannun dama ya faɗi da kansa, yatsu suna zugi. Ya kama wuyan hannuna yana jin bugun jini, ya sa na juya kai na ja numfashi na riƙe, sannan ya ce wannan gwajin shi kaɗai ba hujja ba ne, don ko masu lafiya da yawa bugun nasu yana raguwa in an yi masu haka. Ya tura ni hoton wuya, aka ga haƙarƙarin. Aka duba gudun jini da na'urar sikanin, aka ga lafiya lau. Gwajin jijiya kuwa, wanda ake sa wa mutum ɗan lantarki ana auna saurin tafiyar saƙo, sai da muka je Kano.

Ga yadda ya zana mani abin a bayan kati. Jijiyoyi 5 ne ke fitowa daga lakar wuya su sarƙe da juna kamar dami, su ne ke kai saƙo hannu gaba ɗaya. Suna ratsawa tsakanin wasu tsokoki biyu na gefen wuya, su bi ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, a saman haƙarƙari na farko, su wuce ƙarƙashin wata ƙaramar tsokar ƙirji, sannan su faɗa hammata. Manyan jijiyoyin jinin hannu ma kusan hanyarsu ke nan. Wurin matsattse ne tun asali, to in aka samu ƙarin ƙashi, ko tsoka ta ɗaure, ko kafaɗa ta ranƙwafo, sai a danne abin da ke wucewa. Matsewar jijiyoyin mashigar ƙirji ke nan, likitoci suna taƙaita sunan da TOS. Jijiyoyin da ke can ƙasan damin su ne suka hau kan ƙarin haƙarƙarina, kuma su ne masu kula da ƙaramin yatsa da ƙananan tsokokin tafin hannu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon irin nawa gare su, na jijiyar saƙo. Sauran na jijiyar jini ne, kuma wannan ba a wasa da shi: duk wanda hannunsa ya kumbura farat ɗaya ya yi duhu, ko ya yi sanyi ƙalau ya koɗe, asibiti zai nufa a ranar, ba wurin gashi ba, don jini ne ƙila ya daskare a ciki.

Ni aka ce in fara da sashen gashi. Ƙa'idar ita ce a ba motsa jiki wata 3 zuwa 6 kafin a yi maganar wuƙa, kuma da yawa a nan suke samun sauƙi, ba sa kaiwa ga tiyata. Daga baya na karanta cewa sunan ciwon kansa a 1956 ya fara fitowa, a wani rubutu na likitocin Mayo Clinic a Amurka, kuma kan maganinsa da motsa jiki suka yi rubutun.

Na nemi a haɗa ni da mace, Allah ya sa akwai. Na shiga da tunanin za a kwantar da ni a haska mani jar fitilar nan mai zafi, a mulke ni da mai, in tashi in tafi. Likitar fisiyon, wato mai gashin, ba ta ko taɓa ni ba a farkon zaman. Kallona ta yi ta yi: yadda na shigo, yadda na zauna, kafaɗar da na rataya jaka. Ta ɗaga jakar ta ji nauyinta, takardun jarrabawar aji biyu ne a ciki, ta ajiye ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Malama, ja numfashi in gani." Na ja. Ta ce, "Da wuya kike numfashi."

Na ɗauka zolaya ce. Ashe tsokokin nan biyu na gefen wuya a haƙarƙari na farko suke maƙale, kuma in mutum ya saba numfashi da saman ƙirji, su ne ke ɗaga haƙarƙarin a kowane ja. Mutum yana numfashi wajen sau 20,000 a yini. Tsokar da ke wannan aiki ba hutu dole ta yi tauri, ta janyo haƙarƙari sama, ta ƙara matse hanyar. Saboda haka darasina na farko, ni da na zo da ciwon hannu, shi ne in kwanta rigingine, in ɗora littafin lissafi a ciki, tafin hagu a ƙirji, in ja iska ta hanci har littafin ya ɗaga, ƙirji bai motsa ba. Na koma gida raina a ɓace. Baban yara ya tambaye ni me aka yi mani, na ce numfashi aka koya mani. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kuɗin Napep dai sun tafi.

Da kaɗan-kaɗan ta riƙa ƙaro sauran. In ja haɓa ciki ba tare da na sunkuyar da kai ba, in riƙe daƙiƙa 5, in saki. In mayar da allunan kafaɗa baya a hankali, ba irin ƙamewar soja ba, don matsa kafaɗa baya da ƙasa da ƙarfi yana ƙara rufe tsakanin ƙashin gicciyen da haƙarƙari. In tsaya a bakin ƙofa, dantse a jikin ginin, in ɗan tura ƙirji gaba har in ji tsokar ƙirji ta miƙe, daƙiƙa 20 zuwa 30. In karkatar da kai gefen hagu kaɗan don tsokar wuya ta saki. Fitilar da na ƙwallafa rai a kanta ta zo daga baya, ita da 'yar na'urar da ake manna wa mutum faifai tana tsikara, amma minti kaɗan ne, kuma ta faɗa mani gaskiya cewa waɗannan lallashin ciwo ne kawai, ba su buɗe hanya.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne motsa jijiyar kanta. Ta ce jijiya kamar zariya take a cikin ƙugun wando, ya kamata in an ja nan ta zame ta can, to tawa ta maƙale a hanya. Ba a fizgarta, zamar da ita ake yi: in miƙa hannu gefe, in na lanƙwasa wuyan hannu baya sai in karkato kai wajen hannun, in na saki wuyan hannu sai in mayar da kai. Ja a gefe ɗaya, saki a ɗayan. Kuma a nan ta kafa mani dokar da ta saɓa wa duk abin da aka rene mu a kai. Mu dai mun san dauriya: magani in bai yi ɗaci ba bai yi ba, ɗori in ba a yi ihu ba bai kamu ba. Ita kuwa cewa ta yi, "Malama, tsoka ce ake matsa wa ta ƙara ƙarfi. Jijiya in kika matsa mata fushi take yi, kuma fushinta yana kwana. Da kin ji mijirya ta taso, ki tsaya. In kin gama motsa jiki ciwo ya wuce awa ɗaya ko biyu bai lafa ba, kin yi yawa, gobe ki rage." A nan na fahimci abin da ya faru a daren da aka ja mani hannu. Jijiyar da ke kwance a kan ƙashi aka ƙara gogawa a kan ƙashin.

Layin jiran sashen gashi makaranta ce. Akwai dattawa masu shanyewar ɓarin jiki, da matasan da babur ya karya, da uwaye riƙe da jarirai waɗanda hannu ɗaya ya saki tun wajen haihuwa. Likitar ta ce damin jijiyoyin da ke damuna shi ne nasu ma, sai dai su galibi na saman ne suka jawu lokacin da kafaɗa ta maƙale. Wasu daga Mashi suke zuwa, wasu daga Jibiya, wasu tun daga Daura, su biya mota zuwa da dawowa don zaman da bai fi rabin awa ba. Ni da nake Ƙofar Ƙaura sai na daina ƙorafin kuɗin Napep. Abin da na koya a layin nan shi ne ainihin gashin a gida ake yinsa. Na sa ƙanwata ta ɗauki bidiyon kowane motsi da waya a gaban likitar, don in na koma gida ba na tuna ko kai hagu ake karkatarwa ko dama.

Gida ma ya sauya. Aka sauke igiyar shanya zuwa daidai ƙirjina. Jakar makaranta ta koma hannun hagu, rabin takardun suka riƙa kwana a ofis. Turmi na bar wa yara, jarkar ruwa mai lita 25 kuwa, wato kilo 25, ko kallonta na daina. Kwanciya ta zama ta gefen hagu, rungume da filo don kada hannun dama ya rataya. A aji na raba allo a raina, ba na rubutu sama da kafaɗa, ɗalibai masu tsawo su ke cike saman. Goyo ne ya fi tsaya mani a rai, don autana bai daɗe da fara tafiya ba, kuma ɗaga yaro da hannu ɗaya a wurga shi baya yana cikin abubuwan da aka hana ni.

Watanni suka shuɗe, kuma gashin ya yi aiki: barci ya dawo, ciwon ƙeya ya tafi, ina iya gama darasi ban yarfe hannu ba. Amma duk lokacin da ta miƙo mani ma'aunin ƙarfin damƙa in matse, lambar ba ta hawa, kuma ramin gindin babban yatsa sai ƙara zurfi yake. Ita da kanta ta rubuta wa likitan ƙashi takarda. Ta ce mani, "Ni tsoka nake iya sassautawa, ƙashi ba ya jin maganata. In da ciwo ne kawai, da sai mu ci gaba. Amma tsoka tana zubewa, kuma wadda ta daɗe ba saƙo ba lalle ta dawo ba." Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ta zata. Mai sana'ar da ya san inda iyakarsa take ba shi da yawa.

Maganar wuƙa a wuya ta tayar da hankalin gida. Inna ta yi kuka, Baba ya ce a yi istihara, aka yi. Aikin na likitocin tiyatar ƙirji da jijiyoyin jini ne, ba ko'ina ake samunsu ba, aka tura mu Kano. Likitan ya ce hanya biyu ce: ko a shiga ta hammata a cire haƙarƙari na farko, hanyar da wani likitan Amurka mai suna David Roos ya fito da ita a 1966, ko a shiga ta saman ƙashin gicciyen, inda aka fi ganin ƙarin haƙarƙari da jijiyoyin ƙuru-ƙuru. Ta biyun ya zaɓa mani. Ya lissafa haɗurran bai ɓoye ba. Saman huhu yana daf da wurin, iska na iya shiga ta danne shi. Jijiyar da ke motsa tantanin numfashi a kan ɗaya daga cikin tsokokin da za a yanka take kwance. Akwai kuma wadda ke riƙe allon kafaɗa, in ta taɓu allon sai ya riƙa tasowa. Baban yara ya sa hannu, ni ma na sa. Kafin mu tafi likitar fisiyo ta auna iyakar ɗagawar hannuna ta kowane gefe ta rubuta, ta kuma koya mani duk motsin da zan yi bayan aiki tun ina da lafiyar koyo. Wannan dabara ta cece ni, don wanda ya farfaɗo daga allurar barci ba ya fahimtar sabon darasi.

Na farka da bandeji a gindin wuya da siririyar roba tana zuƙe ruwa daga wurin. An cire ƙarin haƙarƙarin da tsokar gaba ta gefen wuya, da wani zaren nama mai tauri da ya ɗaure jijiyar. Ba hannun ne ya fi ciwo ba, numfashi ne. Washegari mai gashi na asibitin ya zo da 'yar robar nan mai ƙwallaye uku da ake zuƙa su tashi, ya ce sau 10 duk awa in dai idona biyu. Ƙwallo ɗaya na iya ɗagawa, da ƙyar. Dalilin shi ne mai jin zafi yana taƙaita numfashi, ƙasan huhu ya rufe, majina ta taru, daga nan sai ciwon huhu. A nan littafin lissafin da aka yi wa dariya ya biya kuɗinsa, don na riga na iya numfashi da ciki, ba sai na motsa wuyan da aka yanka ba. Ya koya mani tari rungume da filo, ya sa na taka a baranda, ya ce yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu su fara motsi tun ranar. Majanyin rataya hannu na ɗan lokaci ne, don kafaɗar da aka ɗaure ta daɗe ƙagewa take yi. Aka yi hoton ƙirji aka ga huhu a buɗe, aka zare robar, bayan 'yan kwanaki aka sallame mu. Hanyar Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Charanchi na san ta tun ina yarinya, amma ban taɓa sanin yawan gargadarta ba sai ranar.

Makonnin farko motsin na tausasawa ne. In sunkuya in dafa tebur da hagu, in saki hannun dama yana lilo da kansa. In zauna in ɗora tafi a kan tawul in zamar da shi gaba a kan tebur. In riƙe sandar mofa da hannu biyu ina kwance, na hagu ya ɗaga na dama. In tsaya gaban bango yatsu su riƙa hawa, inda na tsaya ɗiyata ta ja layi da fensir. An ce kada in ɗaga abin da ya wuce kilo 2, wato ledar fiya wata huɗu, har sai likita ya sake ni. Autana ya haura kilo 10. Ƙanwata ta tare a gidan, in ya yi kuka sai in zauna a ɗora mani shi a cinya ta gefen hagu. Salla a zaune na yi ta, don sujuda tana ɗora nauyi a hannu. Ci da hagu, karɓa da hagu, bayarwa da hagu, bakina ya saba da "yi haƙuri, da hagu na ba ka".

'Yan dubiya, Allah ya saka masu, kashi biyu suka rabu. Kashi ɗaya na cewa, "Kada ki kuskura ki motsa shi, ɗinki zai warware." Ɗaya kashin na cewa, "Daure ki ɗaga, in kika biye mashi shanyewa zai yi." Hajiya tana kashi na biyu, har ta kama gwiwar hannuna za ta taimaka mani. Na ce, "Hajiya, ki yi mani rai, likita ta ce a bi shi a hankali." Ta saki, ta ce yaran yanzu ba su da jimiri. Duka ɓangarorin suna da rabin gaskiya, kuma aikin mai gashi shi ne ya nuna maka inda rabin nan ya tsaya a kowane mako.

Abin da na so a ce kowa ya sani kafin ya shiga shi ne ciwo yana iya ƙaruwa bayan aiki. Wajen mako na uku hannun ya kama zugi da ƙuna fiye da kafin tiyata, har na fara tunanin an ɓata ne. Likitar fisiyo ta duba ƙarfin yatsu, ta duba allon kafaɗa ta ga bai taso ba, ta ce jijiyar da aka taɓa aka ɗaga aka kankare mata nama dole ta yi ƙorafi. Ta rage motsin zuwa rabi na ɗan lokaci, likita ya rubuta mani maganin zugin jijiya na dare, wanda ba a sha sai da takarda kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Fatar ƙasan tabon ta mutu, gefenta kuma ko hijabi ya goga sai in zabura. Maganin wannan ya ba ni mamaki: a riƙa shafa wurin da auduga, in ya saba a koma mayafi mai santsi, sannan tawul, har fata ta daina ɗaukar taɓi a matsayin ciwo. Da ɗinki ya warke sarai ta koya mani murza tabon da man kaɗanya, a kewaye da kuma a gicciye, minti 5, don kada fata ta manne da naman ƙasa. Ta ce in sa ido, fatarmu tana yawan yin tabo mai tudu, in na ga ya fara kumburi yana ƙaiƙayi in yi magana da wuri.

Motsin zamar da jijiya ya dawo, kuma yanzu dalilinsa ya ƙaru. Jiki yana cike duk inda aka yanka da naman tabo, naman nan kuma in ya kama jijiya ya ɗaure, ciwon yana iya dawowa bayan watanni ko shekara, ko da an cire ƙashin. Jijiyar da ke zamewa kullum ba ta cika kamuwa ba.

Bayan mako 6 likitan tiyata ya ba da izinin ƙarfafawa. Aka fara da robar ja mai ruwan ɗorawa, mafi laushi, na ɗaura a ƙarfen taga ina janyowa baya, daga baya mai launin ja, daga baya koriya. Tura bango da tafuka don tsokar da ke manne allon kafaɗa da haƙarƙari. Kwanciya rub da ciki ana ɗaga hannu kaɗan. A wannan matakin na gane tiyata hanya kawai ta buɗe. Ranƙwafaffiyar kafaɗa, da raunin tsokokin baya, da ɗabi'ar numfashi da wuya in raina ya ɓaci, duk suna nan inda na bar su, wuƙa ba ta taɓa su ba. Na ga masu daina zuwa gashi da zarar an cire zare, suna ganin an gama. A ganina rabin kuɗin aikinsu suka zubar.

Yatsu su ne na ƙarshe. Ta ba ni aikin da ko kuɗi ba ya ci: tsintar wake ɗaya-ɗaya da babban yatsa da ƙarami, matse maƙalin shanya, buɗe yatsu a cikin robar ɗaure kuɗi, tura hannu cikin kwanon gero ana lalubo tsabar kuɗi, jan carbi da kowane yatsa bi da bi. Na tambaye ta yaushe tudun zai cika. Ta ce jijiyar da ta lalace tana tsirowa ne kamar milimita 1 a yini, wajen inci ɗaya a wata, ta ce ni malamar lissafi ce, in auna daga wuyana zuwa tafin hannu in raba. Na auna da tef ɗin ɗinki, na raba, amsar ta kusa shekara biyu. Ta ƙara da cewa ko bayan haka, ƙananan tsokokin tafi ba kasafai suke komawa yadda suke ba, babbar ribar aikin ita ce an tsayar da zubewar.

Makaranta na koma da aji ɗaya tukuna, shugabarmu ta sa kafinta ya sauke allon da kamu biyu, daga baya na karɓi sauran azuzuwan. Yanzu ina shanya, ina ɗaura ɗankwalina, ina tuƙa tuwon gidana in bai yi yawa ba, sujuda ta dawo. Lokacin hunturu gefen ƙaramin yatsa yana ɗan tsikari da asuba, kuma in na daɗe ina makin takardu kai a sunkuye wuyan yana tuna mani. Ramin gindin babban yatsa ya ragu amma bai cike ba, buɗe murfin kwalba mai tauri har yanzu sai na miƙa wa wani. Zuwa sashen gashi ya koma sau ɗaya a wata, motsin gida kuwa minti 15 ne bayan sallar asuba da kuma kafin kwanciya. Bayan babbar salla za mu koma Kano a maimaita gwajin jijiya, a kwatanta da na farko.